Ni Na Sa Mutane a Zanen Malam Tanimu

Dakta ya kira ni maƙaryaci a bainar jama'a, a wani zauren taro a Samaru, ya sa masinja ya kama mini hannun riga ya fitar da ni kamar wanda aka kama yana zaɓen takalma a ƙofar masallaci. Laifina, na ce ni na zana matar da ke cikin wani hoto. Kuma ni na zana ta. Ba zan rubuta sunansa ba. Dakta ya ishe shi, tunda shi ya fi so. An ce ko a gida da shi ake kiransa cin tuwo.

Ku 'yan makaranta da ke zuwa rumfata a Sabon Gari in ɗaura muku firam, ku nake yi wa wannan rubutu. Kuna ɗaga tsofaffin hotunan Malam Tanimu kuna taɓe baki, wai zanen ruwa ai aikin rabin awa ne, a jiƙa kala a shafa. Karatuna aji huɗu ne na elementare, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, abin da aka tura ku koyo ke nan. Maganar dai ku bar mini ita yadda take.

Malam Tanimu yana yaro jirgin ƙasa ya iso Zariya. Da ya tasa ya samu aiki a ofishin safiyo, shara da fiƙe fensir. Wani Bature ya lura hannunsa ba ya rawa, sai ya ba shi taswira ya riƙa cika mata launi: rafi shuɗi, kurmi kore, hanyar jirgi ja. A kan taswira ya koyi abin da har yau ban ga ɗayanku ya iya ba, wato ya ɗauko launi daga saman takarda ya sauko da shi har ƙasa bai bar layi ko ɗaya ba. Ran Lahadi Baturen kan tafi gindin Kufena ya zauna yana zana dutsen, Malam na riƙe masa laima yana kallo. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa gwangwanin kala da burushi uku. Da su Malam ya zauna a zaurensa a unguwar Jama'a, ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana zana ƙasar Zazzau: duwatsu, fadama, rimaye, hadari in ya taso daga gabas.

Amma ban da mai rai. Mahaifinsa malami ne, da ya ga abin da ɗan ya kama sai ya gindaya masa sharaɗi. Dutse da itace da ruwa ya zana son ransa, amma ranar da ya zana abin da ke numfashi bai yafe ba, don gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Malam ya riƙe wannan. Ko tsuntsu ba ya sawa a sama. Shi ya sa unguwa ba ta taɓa ganin aibin sana'arsa ba, har aka ba shi ladancin masallacinsu, ya yi ta kiran salla shekara da shekaru.

Ni daga tasha na zo masa, inda nake rubutu a jikin akori-kura da fentin mai. Na ɗauka na iya. Shekarata ta farko ko burushi bai bar ni na tsoma ba. Aikina takarda. A tsoma ta a daro ta sha ruwa, a ɗaga ta ta tsane, a shimfiɗa a kan katako, a bi gefenta huɗu da takardar gam, a ajiye a inuwa. In ta bushe sai ta ɗame kamar fatar ganga. Ka yi gaggawa ka sa ta a rana, ta tsage. Ka yi rowar ruwa, ranar zane ta yi tudu da kwari, kala ta taru a kwarin. Ruwan ma ba kowanne ba. Na rijiyarmu yana barin fari-fari in ya bushe, don haka da damina nake tarar na sama a kwalabe, mu yi ta lallaɓa shi har rani ya fita. Burusan nan uku na Bature kuwa, a kwance suke kwana cikin ƙyalle, in aka wanke a lashe bakinsu su yi tsini. Da ƙaramin ya tsiyaye Malam bai nemi na kanti ba, wutsiyar kurege ya samo wurin maharba ya ɗaure a bakin alƙalamin kara. A farantin tangaran mai tsagaggen baki yake haɗa kala, kuma duk wanda ya wanke farantin nan ya nemi faɗa.

Sama ta farko da ya ba ni in yi, hadari ne a bisa Kufena. Ana karkata katako kaɗan, a cika burushi, a ja daga gefe zuwa gefe, kafin ɗigon da ya taru a ƙasan layin ya bushe an ɗauke shi da layi na biyu. Ba a tsayawa. Ko sallama aka yi ba a amsawa sai an kai ƙasa. Ni kuwa na ga wuri ɗaya bai yi mini ba, na koma in gyara, don da fentin mai haka ake yi. Wurin ya buɗe kamar fitsarin yaro a katifa. Malam ya duba ya ce, "Mamuda, wannan hadari ne, ko tukunya ce ta kama?" Zanen ruwa ba ya karɓar gyara, kuma babu farin da za ka rufe kuskure da shi. Farin da kuke gani a rufin kwano ko a bisa ruwa, takardar ce tsirara. Tun kafin ka fara sai ka san inda ba za ka taɓa ba.

Masu sayenmu Turawan Samaru ne, malamai da masu binciken auduga da matansu, musamman in wa'adin mutum ya cika zai tafi gida yana son abin da zai rataya ya nuna inda ya sha zafi. Namu kuwa ba su cika saye ba. Wani alhaji ya taɓa ɗaukar hoton rimaye, kwana biyu ya dawo da shi, wai ba ya ƙyalli, an ha'ince shi an tsinka fentin da ruwa.

Aikin da ya juya mana sana'a, hoton fadamar Kubanni ne. Wata Baturiya ta zo da kukunta yana yi mata tafinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi magana. Kukun ya ce, "Madam ta ce yana da kyau, amma ina mutanen? Ko annoba aka yi?" Malam ya ce mutanen sun tafi kasuwa. Ta yi dariya, ta ajiye hoton, ta tafi ba ta saya ba. Ita ce ta uku da ta yi mana haka a watan.

Da la'asar ta yi Malam ya ɗauki butarsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Mamuda, ku na tasha an ce har zaki kuna zanawa a bayan mota."

"Har da damisa, Malam."

"To. Ni zan tafi masallaci. Hoton nan ga shi nan, na riga na sa sunana. Ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba."

Kafin ya dawo na sa mace ɗaya da baƙin zani, da baƙaƙen shanu biyu a bakin ruwa. Na kifa hoton a jikin bango. Bai tambaya ba. Washegari na kai wa Madam a keke, ta saya, ta kuma turo ƙawayenta.

Haka muka yi shekara ashirin da biyu. Malam ya gama ƙasa da sama, ya sa hannu a kan hoto mai tsarki, ya ɗauki buta. Ni in zauna in ɗauki zunubin. Ko sau ɗaya bai kalli hoto bayan na taɓa shi ba, a kife nake sa gilashi, a kife nake naɗewa. Sai dai ku tuna ba a ɗora fari a kan kala, saboda haka farar saniya ko farar ƙwarya dole a bar mata wurinta tun farko. To sai na riƙa tarar da fili fari a gindin bishiya, daidai tsayin mace, da ɗan zagaye a sama inda ƙwarya za ta zauna. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan wurin fa?" Ya ce, "Kala ce ta ƙare mini." Mutumin da bai taɓa zana mace ba, amma awon ƙugunta bai taɓa kuɓuce masa ba.

Kada ku raina mutanen nan don ba su fi gaɓar yatsa ba. Shafa uku ne: zani, jiki, kaya. Ba fuska. Ka ƙara na huɗu ta zama kututture. Inuwarta dole ta faɗi ɓangaren da inuwar bishiyoyin Malam ta faɗi, ƙafarta dole ta taka ƙasa, in ba haka ba ta yi kamar aljana tana shawagi. Saniya kuwa ba a zana ta gaba ɗaya, inuwar cikinta da ƙaho ake sawa, ido ya ƙarasa sauran. Na yi ta zarya kasuwar shanu ina kallon yadda suke tsayuwa, har dillalai suka fara bi na da ido, sun ɗauka ɓarawo ne ke leƙen asiri.

Sai ga Dakta ya dawo daga Ingila da digiri a kan zane, ya gano Malam Tanimu. Haka ya rubuta, wai ya gano shi. Mutum yana zaune a zaure ɗaya tun kafin a haifi Dakta, ashe ɓata ya yi ba mu sani ba. Lokacin idon Malam ya yi yana, ya ajiye burushi, ni kuma na buɗe rumfar firam, amma kullum ina zuwa gaishe shi. Sau uku Dakta ya zo zauren da rikoda, sau uku ina zaune. Na farko ya ce in samo masa ruwan sanyi. Na biyu ya ce in sa ido a kan motarsa. Na uku bai ce komai ba, da alama ya ɗauka ni ma cikin kayan zauren nake. Ya bi gidajen Samaru ya aro hotunan da aka saya a wurinmu, ya ce za a yi bikin nuna su don a girmama tsoho. Ni na sake musu firam duka. Wannan kam ya san ni ne.

Ranar bikin aka zaunar da Malam a gaba cikin sabuwar riga. Dakta ya yi jawabi da Turanci, ya maimaita da Hausa saboda mutumin gidan rediyo da ya zo. Ya ce duwatsu da sama da bishiyoyi, waɗannan koyi ne da Turawa, kowane mai cika taswira zai iya. Amma mutanen! Ya je gaban wani hoton hanyar Palladan ya nuna wata mata da ƙwarya a ka. Ya ce a nan ne tsoho ya kuɓuta daga hannun Bature, a nan ransa yake, shafa uku kacal, kuma ba mai iya wannan sai wanda ya shekara hamsin da burushi a hannu. Wallahi ban taɓa jin an yabe ni haka ba. Har na ji kunya.

Na miƙe daga baya na ce, "Gafara dai Dakta, matar nan ni na zana ta. Da shanun, da mai keken can. Malam bai taɓa zana mai rai ba."

Dakta ya cire tabarau. "Wane ne wannan?" Wani ya ce mai firam ne. "Au, kafinta." Aka yi dariya. Ya juya wurin Malam, ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana. "Baba, sunan wa ke jikin hotunan nan?"

"Nawa ne, ɗana."

"To, kun dai ji."

Na ce, "Malam, ka faɗa musu mana. Don girman Allah."

Ya ɗago kai wajen da muryata ta fito, ya ce, "Ni dai idona ya tafi. Ba na ganin kowa a ciki."

Aka tafa masa, wai tsoho ya iya barkwanci. Dakta ya ce abin takaici ne mutum ya ci arzikin dattijo, ya jira ya makance, sannan ya zo ya ƙwace masa suna da ƙarya. A nan ne masinja ya kama mini riga.

Jawabin ya fito a rediyo, ban da maganata. Unguwar Jama'a kaf ta ji cewa ladaninsu gwanin zana mata ne, shafa uku. Ba wanda ya yi masa faɗa, mutanenmu ba sa haka. Liman ne ya zo gaisuwa da dattawa biyu, suka ce sun ga tsufa ya kama Malam, hawan matakala wahala ne, an samu wanda zai riƙa taimaka masa. Daga ranar bai sake kiran salla ba. Girmamawar Dakta ke nan.

Na yi sati biyu ban je ba. Da na je na tarar da shi a tabarma yana jan carbi. Kafin in zauna ya ce, "Na san takunka. Fushi ka kawo."

"Kalma biyu ce, Malam. Mamuda ne. Ka kasa."

"In na ce kai ne, na zama wanda ya yi shekara ashirin yana sayar da hannun wani da sunansa. In na ce ni ne, na yi ƙarya, na kuma saɓa wa mahaifina a gaban mutane. Wanne za ka zaɓa mini?"

"Ni kuma fa, da aka ce wa maƙaryaci?"

"Kai yaro ne. Za ka jure."

Shekarata arba'in da shida lokacin, da furfura a gemu, da 'ya a ɗakin miji.

Da damina ta zagayo ya rasu. Allah ya jiƙansa, ban ce kada ya jiƙansa ba. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya kawo mini wani akwatin ƙarfe a bayan keke, ya ce Baba ya ce nawa ne.

Na san abin da ke ciki. Aikin shekarar fari ne, shekarar da ba mu taɓa yin muguwa irinta ba. Kubanni ta koma rairayi, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone, mutanen arewa suka riƙa saukowa da ragowar dabbobinsu. Takardar kirki ma ta yanke a kantin da muke saye, muka koma bayan tsofaffin taswirori. Kalolin gwangwani suka ƙare, sai kore kaɗai ya rage. Masu saye kuma kore suke so. Na ce masa, "Malam, ka ɗan sa ganye mana, wa zai bi ya duba?" Ya ce abin da bai gani ba ba ya sawa. Ya sa na daka jar ƙasa da gawayi na tankaɗe, muka kwaɓa da ƙaro. Kullum da hantsi in ɗauke shi a keke zuwa bayan Palladan, ya zauna a rana ya zana busasshiyar ƙasa. A waɗannan bai bar mini fili ko na ƙwayar gero ba, ya cika su baki da baki. Ba wanda ya sayi ko ɗaya. Da tsofaffin hotunan damina muka ci abinci a shekarar, ina cusa musu ƙosassun shanu, alhali na gaske suna faɗuwa a bakin titin Samaru. Amma ni da na wanke masa burushi tsawon shekarun nan ina gaya muku, bai taɓa yin aiki kamar na cikin akwatin nan ba. Sama fara fat ba gajimare, ka kalle ta sai ka ji idonka na ƙanƙancewa don zafi. Da ruwa da gawayi kawai.

Ban san wanda ya kai wa Dakta labarin akwatin ba. Ran wata Talata da hantsi sai ga motarsa a bakin rumfata, ya toshe wa maƙwabcina mai gyaran agogo ƙofa. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, har da "Malam Mamuda". Ashe ya san sunan kafinta. Ya ce za a kai hotunan Malam birnin Ikko a nuna, ana son waɗanda ba a taɓa gani ba. Na buɗe masa. Ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, fara'arsa na raguwa.

"Kash. Waɗannan ai bai gama su ba. Babu kowa a ciki."

Ya leƙa waje, ya matso da kujera, ya rage murya.

"Ka gane, Malam Mamuda, a can mutanen ake so a gani. Ko za ka ɗan taɓa su? Mace ɗaya nan, saniya biyu can. Tsakanina da kai."

"Ni kafinta?"

"Haba, bar wannan maganar. Ai tun da na koma na sake dubawa na ga hannun ba ɗaya ba ne. Amma an riga an buga takarda, rediyo ta riga ta faɗa. Me kake so in yi?"

Na karɓe hoton daga hannunsa, na mayar akwati, na rufe. Maƙwabta sun fara taruwa saboda motar, ni kuwa ban rage murya ba.

Na ce, "Dakta, ka tsaya gaban mutane ka yabi aikina ka ce nasa ne, aka raba tsoho da masallacinsa. Ka gane gaskiya tun tsohon yana da rai. Motarka ta san hanyar zauren, liman yana nan, ba ka je ba. Yau ga aikinsa zalla, wanda ba hannun kowa a ciki, karo na farko ke nan da ka gan shi, ka ce bai gama ba, a kira kafinta ya gyara masa. Na ɗaukar wa Malam zunubi shekara ashirin da biyu don shi ya koya mini riƙon burushi. Kai ba ka koya mini komai ba, naka ɗauke shi da kanka. Tashi ka janye motarka, ka tare wa mutane hanya."